Daga Mahautar Garu Zuwa Yashin Sapeliga

Da hutun ƙarshen shekara ɗan ƙanwata da ke karatu a Tamale ya zo gida Garu da wata kyamara da ya aro a wurin abokinsa, mai dogon gilashi irin wanda ke jawo nesa kusa. Bayan sallar isha'i ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Kawu, Inna ta ce ka daɗe kana bin tsuntsaye da kyamara. Ina ne ya fi dacewa in je gobe?"

Har na buɗe baki zan ce masa ya fara da mahauta, sai na yi shiru. Amsar da ta zo bakina ta shekara arba'in da suka wuce ce.

Lokacin da muke yara, wanda ke son ganin babban tsuntsu ido da ido ba ya bukatar fita daga gari. Ranar kasuwa, tun kafin rana ta ɗaga, ungulaye sun cika rufin kwanon mahauta da rassan maɗacin da ke gefenta, wasu kuma suna ƙasa suna takawa a tsakanin ƙafafun mahauta kamar kajin gida. Nakan tsuguna kusa da wani tsohon mahauci, abokin mahaifina, ina riƙe masa ƙafar akuya yana fiɗa, ungulu na tsaye bai fi taku uku daga gare ni ba. A nan na fara lura da cewa fuskarta ba launi ɗaya take zama ba. In tana jira a natse, fatar fuskar fari-fari ce mai ɗan ja. Da zarar an jefar da hanji, 'yan'uwanta sun rufo, sai fuskar ta rine ja wur, kamar mutumin da aka ɓata wa rai. Bakinta siriri ne, ƙeyarta da gashi mai laushi kamar audugar rimi da ta sha ƙura. Kafin azahar sun share wurin tas, ba jini, ba tumbi, ba wari. Tsohon nan yakan ce da ni, "Yaro, waɗannan su ne ma'aikatan tsabta da ba a biyan su albashi." Ban taɓa ganin wanda ya jefe su ba.

Na mallaki kyamara a ƙarshen shekarun 1980, kuma neman abinci na saye ta domin shi: suna, ɗaurin aure, saukar Alƙur'ani, hoton fasfo. Fim guda hoto 36 yake ci. Sai an tara a ba direban lori ya kai Bolga ko Tamale a wanke, a yi mako guda ko biyu ana jira. In na gama aikin biki ya rage mini hoto uku ko huɗu a cikin fim, su nake kai wa tsuntsaye. Wanda ke da harbi uku kacal a bindigarsa ba ya ɓata su a kan abin da yake gani kullum. Saboda haka ban ɗauki ungulu ba. Ban ɗauki shamuwa ba, wadda ke zuwa gab da faɗuwar damina ta sauka gonaki garke-garke tana tsintar fara, manoma na murna da ganinta. Hankalina yana can wajen abin da ke nesa, mai wuyar samu.

Wanda ya koya mini kusantar tsuntsu maharbi ne, ba mai hoto ba. Dattijo ne da ke zaune a bayan zango, yana da kan burtu da aka sassaƙa, wanda yakan ɗaura a goshi ya lulluɓa da baƙin zane, ya sunkuya yana tafiya yana caccakar ƙasa yadda burtu ke yi, har ya isa kusa da barewa ba ta ankara ba. Ranar da ya gan ni na fito da farar riga zan tafi fadama, ya girgiza kai. Ya ce in koma in sa tufa mai launin ƙasa. Ya ce kada in doshi tsuntsu kai tsaye, in riƙa ratsewa kamar mai neman wani abu daban, kada kuma in zuba masa ido. Abin da ya fi nanatawa shi ne zama. A cewarsa, mai bin tsuntsu baya kawai yake gani, wanda ya zauna a bakin ruwa shi ke ganin fuska. Na ƙara da abin da sana'ata ta koya mini: rana ta kasance a bayanka, ka yi ƙasa har idonka ya yi daidai da idon tsuntsun, ka kuma gama aikinka tsakanin fitowar rana da hantsi, ko kuma bayan la'asar sakaliya. Da tsakar hunturu, in ƙura ta yi kauri, sama takan koma fara fat, launin gashin tsuntsu ya dushe. Amma hazo maras yawa alheri ne, yana tausasa haske yadda inuwa ba za ta yanke fuskar tsuntsu biyu ba.

Wurin da ya fi cin fim ɗina shi ne Farar Volta, kogin da mutanen Burkina Faso ke kira Nakambe. Yana shigowa Ghana ta yamma da Bawku, ya bi ta ƙarƙashin gadar Kobore a kan hanyar Bolga, ya gangara kudu har ya ci karo da tudun Gambaga, sa'an nan ya karkata yamma. A farkon zuwana, bakin kogin nan a wurare da dama kurmi ne, itatuwa sun sunkuyo kan ruwa, ba gona, ba bukka. Zalɓe a tsaye cikin ruwa, kirinjijiya ɗari-ɗari suna fito in sun tashi, dinya, zakaran ƙeƙuwa da ke tona asirin duk mai tahowa, ga ramukan tsuntsaye masu cin ƙudan zuma jere a jikin gaɓar da ruwa ya zaftare. Sau biyu na ji kukan gauraka a can da asuba.

Ban san dalilin wannan yalwa ba sai daga baya, kuma dalilin mai ɗaci ne. Mutane ba su bar bakin kogin don tausayin tsuntsaye ba. Wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a inda ruwa ke gudu ya kore su, domin cizonsa ke kawo makantar bakin kogi. Duk wanda ya girma a ƙasar Kusasi a wancan zamani ya san hoton nan: yaro a gaba riƙe da sanda, magidanci a baya riƙe da ɗaya bakin, idonsa a buɗe amma ba ya gani. Ƙauyuka sun watse saboda shi. A 1974 aka fara babban shirin yaƙi da cutar a Afirka ta Yamma, hedikwatarsa a Wagadugu, jirage suna fesa magani a kan koguna, daga baya aka zo da ƙwayar da ake raba wa jama'a, har aka rufe shirin a 2002. Da ƙudan ya ja baya, mutane suka koma ƙasar kakanninsu, suka sare kurmi suka yi gona. Kurmin da na yi ta ɗaukar hoto a cikinsa, kufan makafi ne. Ina kewarsa, amma ba zan taɓa fatan ya dawo ta hanyar da ya samu ba. Na fi son in ga magidanci yana ban-ruwan albasarsa da idonsa biyu.

Duk da haka akwai abin da ya rage, kuma saboda shi ne baƙi ke tahowa tun daga Turai da Amurka har Sapeliga, arewa da Zebilla, dab da iyakar Burkina Faso. Wani ɗan tsuntsu ne da bai fi kurciya ba, wanda na ji dattawa na kira ladin kogi. A littattafan Turawa sunan Masar aka laƙaba masa, ko da yake yanzu babu shi a can. Fukafukansa toka-toka mai ratsin shuɗi, cikinsa ruwan goro mai haske, kansa baƙi da farin layi bisa ido, ga wani baƙin zare da ya zagayo ƙirji kamar an rataya masa laya. Akwai tsohon labari tun zamanin Girkawa cewa yana shiga bakin kada ya sakace masa haƙora. Na yi shekaru ina zama a bakin kogi, ban ga haka ba. Abin da na gani da idona ya fi wannan ban mamaki.

Wata rana ce cikin bazara, ruwa ya ja baya, yashi ya fito fili tsibiri-tsibiri. Na kafa ɗan guntun zana a gaɓa tun da asuba na zauna a bayansa. Wajen hantsi, da yashi ya fara zafi, sai na ga ɗaya ya ruga bakin ruwa, ya tsoma cikinsa har gashin ya jiƙe sharkaf, ya dawo da gudu ya kwanta a wani wuri da ba komai sai yashi. Ya ɗan jima, ya tashi, ya koma ruwa, ya sake dawowa daidai wurin. Ya yi haka ya fi sau goma. Can da wata shirwa ta gifta, sai ya miƙe ya sa baki yana watsa yashi a wurin da sauri, ya yi nesa kamar ba ruwansa. Ashe ƙwansa ne a binne. Ba ya yin sheƙa. Yashin ne ke ɗumama ƙwan, shi kuma yana ɗauko ruwa a gashin cikinsa yana sanyaya shi kada rana ta dafa. Haka yake yi wa 'yan tsakinsa ma, yana binne su in ya ga haɗari. Hoto biyu suka rage mini ran nan. Ɗaya ya fito da duhu. Ɗayan yana nan a bangon ɗakina, ɗigon ruwa na zuba daga ƙirjinsa.

Har yanzu ana samunsa a Sapeliga, ana kuma ganinsa a Daboya, can ƙasa a kan kogin guda. Sai dai yashin da yake dogara da shi ya shiga hannu da yawa. Tun da aka gina madatsar Bagre a Burkina Faso a farkon shekarun 1990, kogin ya daina bin kalandar sama kaɗai. In madatsar ta cika, galibi a watan Agusta ko Satumba, akan buɗe ƙofofinta, ruwa ya taho ya haɗu da na damina ya shafe gonaki. Wanda ya ga ambaliyar 2007 ba zai manta ba. Da rani kuma ga injin ban-ruwa na ruri tun safe, ga masu albasa da kankana sun noma har leɓen ruwa, ga tifa tana shiga tana kwasar yashi don gini, ga shanu na sauka sha. Tsuntsun da ke binne ƙwansa a fili ba shi da wata kariya daga kofato ko tayar mota. Duk wanda zai je ɗaukarsa, roƙona gare shi ɗaya ne: ya tsaya a gaɓa, kada ya taka tsibirin yashin. Minti kaɗan da uwar za ta yi nesa saboda tsoronka sun isa rana ta kashe abin da ke ƙasa.

Kudu da Garu, hanya na hawa tudun Gambaga zuwa Nakpanduri. Can ma wuri ne mai kyau, don a bakin dutsen kana tsaye ne daidai da tsayin da shaho da sauran masu farauta ke shawagi, ka ɗauke su ta gefe ko ta sama, maimakon ka ɗaga kai ka sami baƙin inuwa kawai. Da ka leƙa ƙasa a da, daji ne har iyakar gani. Yanzu hayaƙin masu gawayi ke tashi nan da can, madobiya kuwa an yi mata ɗauki ɗai-ɗai a shekarun 2010, ana loda gungumenta a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa, duk da haramcin da gwamnati ta sha sanarwa. Masu ziyara daga waje sukan haɗa da duwatsun Tongo da madatsar Tono kusa da Navrongo. Wanda kuma ke son burtu, ko gaggafa, ko babba-da-jaka, ya nufi gandun dajin Mole kusa da Damongo, inda aka ƙirga tsuntsaye iri fiye da 300. Burtun da maharbin unguwarmu ke kwaikwaya a bayan gari, yau sai an yi tafiyar yini guda a mota, an biya kuɗin shiga, kafin a sa ran ganinsa.

Sana'a ta sha kai ni Yendi da Salaga, ta hanyar da kakanninmu fataken goro suka bi da jakuna zuwa Gwanja. A wajen Yendi abin da na fi tunawa shi ne gobarar daji da farkon rani. Wuta na cin ciyawa, fara na tashi, sai sama ta cika da shirwa da wasu jajayen tsuntsaye masu cin ƙwari, suna kutsawa cikin hayaƙi suna cafke abinci. Hoto ne mai wuya, don hayaƙi na rufe gilashi, amma in iska na bayanka ka dace. A fadamun kogin Daka kuma, cikin Agusta da Satumba, mulufi kan yi ja kamar garwashi a kan karan dawa, zalaidu na jan doguwar wutsiyarsa a iska. Salaga, garin rijiyoyi, garin da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwarsa, ita kuma tata kyautar na can kudu, a Makango, inda ake hawa jirgin fito zuwa Yeji. Tafkin Volta bai wanzu ba sai da aka gama madatsar Akosombo a 1965. Itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a bushe, tsuntsayen ruwa na sauka a kansu, ba ganye ko ɗaya da zai tare maka. Dattawan wurin sun san gonakin da ke ƙarƙashin ruwan nan. Ga mai kyamara kuwa, samun wurin da ya fi shi sauƙi da wuya.

Wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa komai lalacewa ya yi. Hannun mutum ya rufe wasu wurare, ya buɗe wasu. Ƙananan madatsun ruwa da ke kewaye da mu, irin na Bugri, da babban aikin da aka yi a kan kogin Tamne, da tafkunan da aka haƙa a ƙauyuka tun daga 2017 a ƙarƙashin shirin madatsa guda ga kowane ƙauye, duk sun zama mashaya. Da yawa daga cikin na baya-bayan nan ƙanana ne, sukan ƙafe kafin ruwan sama ya dawo. Amma wanda ya riƙe ruwa har watan Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duk mai fukafuki a yankin sai ya zo masa. Ka je da asuba ka zauna a gindin wata bishiya ta gabas da ruwan. Kurciya da hasbiya za su fara sauka, sai shaya mai ƙyalli, sai cilakowa, sai belbela biye da shanun Fulani. Daga Oktoba zuwa Afrilu kuma akwai baƙi: ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke bin gefen laka, waɗanda suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai. Ban san haka ba sai da na girma. Ina ganinsu tun ina yaro, ina zaton 'yan gida ne.

Akwai wani canji da ba na ruwa ko itace ba. A da ina ɗaura kyamara a bayan keke in tafi inda na ga dama, in dare ya yi in kwana gidan duk wanda na sani, Bakusashe ne ko Bamamprushe, Bimoba ko Busanga. Tun da rikicin Bawku ya sake tashi a ƙarshen 2021, ga dokar hana fita, ga kuma halin rashin tsaro da ake ciki a tsallaken iyaka, fitar asuba ta zama abin da ake yi da lissafi. Mutum riƙe da dogon gilashi a bakin kogi kusa da iyaka, dole a tambaye shi, kuma masu tambayar suna da hujja. Na gaya wa ɗan ƙanwata: ka fara zuwa gaida mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi yaron ƙauyen ya raka ka, ka sallame shi da abin kirki, kada kuma ka juya kyamara wajen shingen jami'an tsaro ko gada. Yaran nan ma sun fi kowa sanin inda kowane tsuntsu ke kwana. Da dama cikinsu da danƙo suka san shi, amma na ga wanda ya ajiye danƙon bayan ya leƙa ta gilashina ya ga ƙwayar idon tsuntsu.

Shi dai yaron ya yi ta rubuta sunayen wurare a wayarsa. Kyamarar da ke hannunsa tana ɗaukar hoto dubu a kati ɗaya, yana gani nan take, ya goge wanda bai yi ba. Da ya gama sai ya ce, "Kawu, da farko kamar za ka faɗi wani wuri ka fasa."

Na shiga ɗaki na ɗauko akwatin hotuna. Muka yi ta juyawa a hasken fitila: ladin kogi, zalɓe, mulufi, shaho a Nakpanduri. A cikin ɗaruruwan hotuna, ungulu sau ɗaya ta fito, ita ma ba da niyya ba. Hoton wani ango ne da abokansa a bakin kasuwa, can a sama ta kusurwar hagu ga rufin mahauta, ga su jere a kai, na ƙirga goma sha bakwai kafin gefen hoton ya yanke sauran.

A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa wannan ungulu tamu ta gida a jerin waɗanda ke gab da ɓacewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne a wurinmu. Ana sa wa mushe guba don karnuka ko kuraye, ungulu ta ci ta mutu da yawa a wuri guda. Ana farautarta a sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu, fataucin da ke ƙetare iyakoki. Dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, rimi da maɗaci, an sare da yawa. Kayan ciki da mahauta ke jefarwa a da, yanzu kuɗi ne. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka abin da aka kashe a yini ɗaya sai a yi shekaru ba a mayar ba. Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza. Ba ta kuma ƙaura a banza.

Washegari ranar kasuwa ce. Muka yi sallar asuba muka taka zuwa mahauta, ni da shi. Tsohon abokin mahaifina ya daɗe da rasuwa, jikansa ne ke fiɗa a wurin. Ya taso ya gaishe ni, ya ce, "Baba, lafiya da sassafe?" Na ce ungulu muka zo jira. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce wani lokaci sukan zo, biyu ko uku, in an yanka saniya. Ya kawo mana benci. Hankaki suka zo, shirwa ta yi ta kewaya. Sai da rana ta ɗaga sosai sa'an nan guda ɗaya ta bayyana daga gabas, ta yi zagaye biyu, ta sauka a can ƙarshen kwanon, nesa da mutane, tana waige-waige.

Yaron ya ɗaga kyamara da sauri. Na dafa hannunsa na ce ya dakata ta natsu, ya ratsa ta hagu rana ta koma bayansa, ya tsuguna. Jikan mahaucin ya yanko ɗan guntun hanji ya jefa a fili, ya ja da baya. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta sauko. Da ta sa baki, na ce da yaron a hankali, "Dubi fuskarta." Ta fara rinewa ja, shi kuma yana ta dannawa.